Daga Samaru Zuwa Rumbun Manomin Birnin Gwari

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai)



Muna godiya da aka ba mu wannan dama. Mu da muka tsaya gabanku ba masana ba ne. Ɗalibai ne, 'ya'yan manoma daga ƙasar Birnin Gwari, waɗanda kuɗin karatunsu daga buhun masara yake fitowa. Saboda haka in mun yi tuntuɓe a gaban malamai, sai a gyara mana.

Maganarmu guda ɗaya ce. Masu binciken aikin gona sun yi nisa ƙwarai wajen samar wa manomi irin da zai cika rumbu. Amma tsakanin ranar girbi da ranar da hatsi zai shiga tukunya ko kasuwa akwai wata doguwar tafiya, kuma a cikinta ne manomin Birnin Gwari yake yin asarar guminsa, galibi ba tare da malamin da zai yi masa jagora ba.

Abin da bincike ya samar

Ya kamata mu fara da ba kowa haƙƙinsa. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Duk irin da kuka ji sunansa ya fara da SAM, daga can ya fito: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. Kowannensu sai da aka yi shekaru ana gwada shi a gonakin gwaji kafin a sake shi ga jama'a.

Iyayenmu sun san amfanin wannan aiki. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta auka wa gonakin Arewa, bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970, kuma dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tsayuwa kamar da ba. Masu bincike ne suka duƙufa har aka sami gyaɗa mai jure wa cutar. Haka nan an sami masara mai nuna da wuri, da mai jure fari, da mai jure ƙuduji. A ƙarshen 2019 aka fitar da wake SAMPEA 20-T, wanda ba ya jin tsutsar da ke huda kwanso. A farkon 2024 kuma aka fitar da masarar TELA, domin tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016. Akwai muhawara a kan waɗannan biyu, da yake an sauya musu ƙwayoyin halitta, amma wannan zance ne na wata rana.

Ta fannin kai ilmi ga manomi ma an yi yunƙuri. A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. A lokacin Funtuwa da Birnin Gwari jiha ɗaya suke, kuma hanya ɗaya ta haɗa su. Aka yi hanyoyin karkara, aka buɗe wuraren sayar da taki, aka baza malaman gona a ƙauyuka. Daga wannan zamani ne masara, wadda da ake shukawa a bayan gida don gasawa, ta soma zama amfanin gona na kasuwa a wannan yanki. Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980 suka biyo baya.

To, amma ku lura da abu guda. Kusan duk wannan ƙoƙari a kan iri da taki da feshi ya tsaya, watau a kan abin da ke faruwa kafin kaka.

Halin da Birnin Gwari ta shiga

Wanda bai san Birnin Gwari ba, ƙasa ce mai faɗi a yammacin Jihar Kaduna, mai ruwan sama wadatacce da ƙasar noma mai kyau. Daga Kuyallo zuwa Dogon Dawa, daga Randagi zuwa Kakangi, ana noma masara da dawa da shinkafa da waken soya. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Wannan daji da ya kamata ya zama arziki, shi ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska a rana ɗaya. Shekara da shekaru manoma da yawa ba su shiga gonakinsu ba sai da suka biya kuɗi, lokacin shuka da lokacin girbi.

Jama'a, a nan muke roƙon ku saurara da kyau, domin rashin tsaro bai tsaya ga hana noma ba. Ya sauya yadda ake adana hatsi gaba ɗaya.

A da, manomi yakan bar masararsa ta bushe a jikin kara. Dawa kuwa a yanke, a ɗaure dami-dami, a jera a rumbu da zangarniyarta, ba a sussuka sai abin da za a ci. Rumbun ƙasa a kan duwatsu yake zaune, ya tsere wa danshi da gara, kuma hatsin da ke cikinsa yakan kai wata kakar. Kakanninmu ba su je jami'a ba, amma wannan ma bincike ne, na ɗaruruwan shekaru.

Da tsoro ya shigo, sai rumbu cike a ƙauye ya zama abin kiran ɓarayi. Manomi ya koma yana karya masara tun ba ta gama bushewa ba, ya sussuke ta cikin gaggawa, ya ɗura a buhu, ya nemi motar da za ta kai ta gari. Can kuma sai a jibge buhunan a ɗakin haya ko shagon wani, a kan daɓe, jikin bango. Masana sun ce kada danshin masara ya wuce kashi 13 cikin 100 in za a ajiye ta. Wadda aka ɗura da danshi, zafi take ɗauka a cikin buhu, ta yi fumfuna, ƙwari kuma su sami gida.

Daga nan manomi yana da zaɓi biyu, kuma babu mai daɗi. Ko dai ya sayar nan take da kaka, lokacin da kasuwa ta cika da hatsi farashi ya faɗi, ya dawo da damina yana awon abin da ya noma da tsada. Ko kuwa ya zuba wa buhunan magani irin su fiya-fiya, wanda ba don abinci aka yi shi ba. Kada mu ɗauki wannan da wasa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Turawa sun ƙi, amma mu da ƙannenmu mun ci. Ita kuma fumfuna tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ba ta da ɗanɗano, dafuwa ba ta kashe ta, tana jawo ciwon dajin hanta, tana tsumburar da yara. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya, duk daga cin masara.

Maganin yana nan

Abin takaici shi ne an riga an binciko maganin yawancin waɗannan matsaloli. Akwai Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, wadda aikinta ke nan. Bari mu kawo misali uku.

Na farko, buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta na Afirka suka yaɗa tun daga 2007. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhu na saƙa a waje. A zuba busasshen hatsi, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage, su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Sharaɗinsa biyu ne: hatsin ya bushe sarai, kuma kada ledar ta huje.

Na biyu, gwajin gishiri. A sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a mai da hatsin shanya, a kan tamfol ba a kan ƙasa ba.

Na uku, Aflasafe, wanda Cibiyar Binciken Noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure. Fumfuna ce marar guba, wadda take riga mai gubar kama wuri.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke bukatar lantarki ko tarakta. Abin da suke bukata shi ne mutumin da zai tsaya gaban manomi ya nuna masa da hannu, domin gani ya kori ji. Nan ne igiyar ta tsinke. Malaman gona sun yi kaɗan tun kafin rikici, kuma da hanya ta lalace, ba wanda zai ga laifin ma'aikacin da ya ji tsoron ransa.

Abin da muke kira a yi

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan wani sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe. Muna addu'a Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka muna kira da abu huɗu.

Ga masu bincike: a auna asarar da ake yi bayan girbi a Birnin Gwari kanta, a kuma binciko hanyar shanya da ajiya da ta dace da manomin da ba shi da sukunin jira.

Ga hukumomin wayar da kan manoma, irin su NAERLS ta Zariya da hukumar aikin gona ta jiha: a horar da 'yan gari, waɗanda ba sai sun shiga mota za su isa ƙauye ba. A sa mata a gaba, domin shanya da shiƙa da ajiyar abincin gida a hannunsu suke. A yi darasin da Hausa, a rediyo da ranar kasuwa, kafin kaka ba bayanta ba.

Ga gwamnati da masarauta: a taimaki ƙungiyoyin manoma su sami ɗakunan ajiya a manyan garuruwa, inda mutum zai kai buhunsa a ba shi shaida a rubuce, ya jira farashi.

Na ƙarshe, ga mu ɗalibai. Kowane hutu muna komawa gida da jaka cike da takardu. Me zai hana kowannenmu ya ƙara da buhun PICS guda ɗaya da kwalba? Ya tara gidansu da maƙwabta, ya yi gwajin gishiri a gabansu, ya ɗaure buhun, in ya dawo hutu na gaba a kwance shi a gaban kowa, a gwada da wanda aka ajiye a buhun da aka saba. Ba sai ɗalibin aikin gona ba. Mai karanta shari'a ma ya iya ɗaure bakin buhu. Iyayenmu sun sayar da hatsinsu da arha don mu zo nan, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za mu mayar musu.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu ikon tsare abin da ta kawo.