Bindiga A Hannun Wa? Jawabin Ɗan Takararmu Ga Mutanen Karkara

Waɗansunku tun da hantsi suka baro gida, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Maganar da ke tafe da ni ita ce wadda ake yi a kowane dandali da ƙofar kowane masallaci: a bar kowa ya mallaki bindiga ya kare kansa, ko kuwa a hana?

Mutumin da ya ce a ba shi bindiga ba mahaukaci ba ne. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara 344 daga makarantar Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Waɗannan duniya ta ji labarinsu. Amma wa ya ƙidaya wanda aka ɗauke yana tsakiyar noma, ko garin da aka ɗora wa tara kafin a bar shi ya girbe gero? Wanda ya sayar da shanun huɗarsa ya fanshi matarsa, idan ya ce bindiga yake so, ni ba ni da bakin zaginsa.

To, amma bari mu fara jin abin da doka ta ce, don jama'a da yawa ba a taɓa yi musu bayani ba. Dokar Bindigogi tun 1959 aka yi ta, kafin mu sami 'yancin kai. Ta raba bindiga kashi uku. Akwai ta yaƙi, irin su AK-47, wadda ba mai ba da lasinta sai Shugaban Ƙasa, wanda kuma aka kama da ita ba izini ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10. Akwai ta farauta mai cin harsashi, lasinta na hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigar toka, watau adaka ko harba-ka-ruga irin wadda maƙeranmu ke ƙerawa, ita kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasinta. Kun lura ban ambaci gwamna ba? Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin makamai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Shi ya sa abin da ya faru a Zamfara bai ba masu ilmin doka mamaki ba. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce kowa ya nemi bindiga, za ta raba takardun neman lasi 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19. Nan da nan hukumar 'yan sanda ta ce ba ta ba da lasi, babban hafsan tsaron ƙasa kuma ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Kafin nan, cikin 2021, Aminu Bello Masari ya yi wa mutanen Katsina irin wannan kira. A Agustan 2023 kuwa Sufeto-Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin bindiga. Talaka na tsakiya: wannan ya ce ɗauki, wancan ya ce in ka ɗauka na ɗaure ka.

Ni ra'ayina, kuma ra'ayin jam'iyyarmu, shi ne: duk shugaban da ya ce maka je ka sayi bindiga, kayansa ne ya sauke ya ɗora maka. Haraji kake biya. Da me za ka saye ta? Wanda ke da kuɗinta attajiri ne a birni, shi kuwa ba shi ake kai wa hari ba. Kai abin da za ka iya shi ne bindigar toka, ka harba sau ɗaya ka tsaya ɗura albarushi, abokin gabarka yana zubo maka harsashi 30 bai sauya ƙwanso ba. A Afrilun 2014, a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, 'yan banga da mafarauta ne suka taru suna shawara aka faɗa musu aka kashe su rututu. Ba ragwaye ba ne, kuma ba hannu rabbana suka je ba. An fi su makami ne kawai.

Sa'an nan akwai maganar da ba a son faɗi, amma zan faɗe ta. Da aka bar kowa ya ɗauki makami da sunan sa-kai, ba rajista, ba shugaba, ba alƙali, me ya biyo baya? Aka riƙa tare Bafillace a kasuwa a kashe shi don kawai ya yi kama da ɓarawo. Ɗansa ya shiga daji, ya dawo da mutum hamsin a kan babura. Cikin 'yan sa-kai akwai waɗanda suka ba da ransu don garinsu, Allah ya jiƙansu. Akwai kuma waɗanda suka huce tsohuwar gaba ta gona da ta aure da bindigar nan. Bindiga ba ta san ranar da aka saye ta dominta ba. Gobe rikicin iyakar gona ne, jibi rikicin zaɓe.

Waɗansu 'yan boko kan ce ai a Amurka kowa na da tasa. Haka ne, bindigoginsu sun fi mutanensu yawa. A 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 suka mutu da harsashi a can, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu.

Masu cewa a ƙwace ta kowa, su ma ban yarda da su ba. Idan aka ce a ƙwace, ta wa ake ƙwacewa? Ta maharbi, wanda ya gaje ta wurin kakansa, don shi ake iya samu a gida. Na daji ba mai zuwa karɓar tasa. Rashin takardar da kowa ya sani ya kuma yarda da ita ma haɗari ne. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare mafarauta suna hanyar komawa Kano yin Salla, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16 ba bincike ba shari'a.

Ita kuwa AK-47 ba maƙerin garinku ya ƙera ta ba. Waɗansu ta hamada suka shigo bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya cikin 2011. Waɗansu kuma, ku buɗe kunne, daga gida suke. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya nuna cewa zuwa Disamban 2018 bindigogin 'yan sanda 178,459 ne ba a san inda suka shiga ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rumbun gwamnati ke yoyo, amma bukkar maharbi ake bincikawa.

To, me za mu yi in kun ba mu ƙuri'unku? Za mu nemi a gyara dokar 1959, yadda maharbi zai sami lasin adakarsa a hedkwatar ƙaramar hukumarsa, bisa shaidar mai unguwa da Sarkin Baka, ba sai ya yi ta zarya babban birnin jiha ba. Bindigar tsaron gari kuma ta kasance hannun samarin da garin ya zaɓa, Hausawa da Fulani tare, an horar da su, ana biyansu, kowa da lambarsa, kowace bindiga da lambarta, wanda ya yi zalunci a kai shi gaban alƙali. Katsina ta kafa irin wannan runduna a Oktoban 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairun 2024. An fara, amma ba gwamnan da zai ba su makamin da ya kai na 'yan daji sai dokar Tarayya ta yarda. Nan aikin ɗan majalisa yake. Kuma duk jami'in da bindiga ta ɓata a hannunsa, a kira sunansa ya yi bayani.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo muku da atamfa da sabulu, kafin ya tashi ku tambaye shi ko ya san dokar 1959, da abin da zai yi da ita in ya je Abuja. Ku adana katin zaɓenku, wanda nasa ya ɓata wajen gudun hijira ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa tun da wuri. Allah ya mai da kowa gida lafiya.