Batirin da ke cikin kwali shi ne cinikin

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa 'yan kasuwa daga Kano, Katsina, Jibiya, Maraɗi, Ƙonni da Damagaram, barkanmu da zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya. An ba ni 'yan mintuna in yi magana kan kayan aiki masu batir, wato injin huda, giranda, zarto da injin ɗaura noti, waɗanda yanzu suka fara cika shagunanmu.

Dalilin karɓuwarsu ba ɓoyayye ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta mayar ba sai Maris na 2024. A ɓangaren Najeriya kuma man janareta ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Kafinta ko mai haɗa sola da ke da batir biyu a cike zai yi aikinsa a ƙauyen da babu turken wuta ko ɗaya. Kasuwa akwai ta. Abin tambaya shi ne wane irin kaya za mu riƙa kawo musu.

Mai sayen irin wannan injin, a gaskiya batir yake saya. Manyan kamfanoni kamar Makita, Bosch, DeWalt da Milwaukee kowanne yana da tsarin batirinsa, kuma batir ɗaya yana shiga injuna da yawa na kamfanin. Makita ta fito da tsarinta na 18V tun 2005, har yau ana ƙera sababbin injuna a kansa. Saboda haka wanda ya sayi injin huda da batir biyu da caja a wurinka bana, baɗi zai dawo neman giranda tsurarta ba batir, a kuɗi kaɗan. Injin da ba a san mai shi ba kuwa, ranar da batirinsa ya mutu shi ma ya mutu, don ba za a sami irinsa a kasuwa ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata kowa ya duba kafin ya zuba jarinsa. Na farko, lambar da ke jikin kwali. Batirin 18V ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace tana ba da 3.6V. Abin da DeWalt ke kira 20V a Amurka shi ne dai 18V a Turai. To idan ka ga ɗan ƙaramin injin huda an rubuta masa 88V ko 128V, ka san fenti ne kawai. Na biyu, nauyi. Batirin 5Ah na gaske ƙwayoyi goma ne a ciki, nauyinsa ya haura rabin kilo. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau, an rage masa ƙwayoyi ko an sa marasa ƙarfi. Na uku, caja. Wutar Amurka 120V ce, tamu a ƙasashen biyu 220 zuwa 230. Cajar gwanjo daga Amurka, in aka jona ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi, kuma a shagonka mai kaya zai zo ya yi faɗa.

Na san abin da wasunku za su ce: jari yana kwanciya. Gaskiya ne. Kaya mai tsada ba ya gudu kamar na araha, ga naira tana hawa da sauka, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Kuma magidancin da zai huda bango sau biyu a shekara bai buƙatar Makita, a sayar masa da matsakaici, a faɗa masa gaskiyar abin da ya saya. Amma mai sana'a lissafinsa daban ne. In injinsa ya tsaya a tsakiyar rufin gida, ya yi asarar yini, ya biya yaransa, wataƙila ya rasa aikin gaba ɗaya. Ko da na araha rabin kuɗin nagari ne, sayensa sau uku ya wuce sayen nagari sau ɗaya. Shi ya sa magabata suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Nagarin ma sai da kula. Zafi ne babban abokin gabar batirin litiyom. Kada a bar shi a saman tirela cikin ranar bazara, ko a shagon kwano a rufe. In zai daɗe a ajiye, a bar shi da kusan rabin caji.

Ga roƙona ga shugabanni. Masu wannan layi mu haɗa kuɗi mu riƙa saye daga wakilan kamfani masu ba da rasit da garanti. Mu riƙa kawo batir, caja da kayan gyara tare da injin. Sannan mu ɗauki nauyin koyar da yara biyu ko uku gyaransu a kowane ɓangare na iyaka, domin wanda ya saya a Maraɗi kada ya je har Kano neman mai gyara.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare hanyoyinmu, ya maimaita mana.