Waƙar Bagauda Da 'Ya'yanmu Na Sabo
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya)

 

An kafa wannan unguwa tamu ta Sabo a nan Ibadan tun 1916. Kakanninmu fataucin goro da shanu ne ya kawo su. Ba su ɗauko gona ko ganuwar garinsu ba, amma sun zo da waƙa a bakinsu, kuma a cikinta suke ajiye sunan gari da na sarki da na fagen yaƙi. Yau ka tari yaronmu, zai lissafo maka mawaƙan Legas ba gargada. Tambaye shi wane ne Bagauda, sai ya tsaya yana kallonka.

To, Bagauda shi ne sarkin Kano na farko, wanda littafin tarihin Kano ya ce ya hau mulki a 999. Akwai waƙa mai sunansa, Waƙar Bagauda, wadda ta jero sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya, kowa da yawan shekarun da ya yi, sannan ta juya ta zama wa'azi a kan ƙarewar mulki da zuwan mutuwa. Ba mutum guda ya gama ta ba. In sarki ya wuce, sai na baya su ƙara baiti. Wani Bature, Mervyn Hiskett, ya buga ta a Landan a 1964 da 1965. Ikon Allah! Tana can a ɗakin karatu a Ingila, mu masu ita kuwa sai mu cika wannan zaure ba a sami mutum uku da suka taɓa jin ta ba.

Mutanen Sakkwato da Zamfara, kada ku ce mun manta da ku. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara labarin jihadi da Fulatanci, ɗan'uwanta Isa ya mayar da shi Hausa, shi ne Waƙar Gewaye. Wanda ya haddace ta ya san hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya san Alkalawa, ko da bai taɓa haye Kwara ba. Haka Narambaɗa ya riƙe wa Gobirawan Isa nasu, Ɗanƙwairo kuma, da ya rasu a 1991, ya bar mana kirarin sarakuna masu yawa.

Kada wani ya ce ai waƙar tarihi sai a gida. Alhaji Umaru Salaga haifaffen Kano ne, amma a zangon Karachi ta ƙasar Gana ya zauna har ya rasu a 1934, kuma ya bar waƙa a kan zuwan Nasara. Baƙo ne irinmu. To, mu ina wadda ta jero sarakunan Sabo da fatomomin goro da suka riƙe garin nan?

Waɗanda aka buga ko aka ɗauka a faifai ba su ne abin tsoronmu ba. Abin tsoro shi ne waƙoƙin daka da na niƙa da na raino da ke bakin tsofaffinmu mata, waɗanda ba a rubuta ko ɗaya ba, ga shi kuma kowace shekara muna kai wasunsu makwanci. Saboda haka muna roƙon kowane gida ya sa yaro guda ya zauna gaban kakarsa da waya, ya ɗauki muryarta, ya tambaye ta sunan garin da ta koyo waƙar. A miƙa wa sakatare kafin azumi, domin malaman Islamiyya su rubuta su da boko da ajami.

Wassalamu alaikum.