A Tsare Fursuna Kusa da Danginsa



Idan alƙali ya yanke wa mutum hukuncin ɗauri, shi kaɗai ya ɗaure. Bai ɗaure mahaifiyarsa ba, bai ɗaure matarsa da 'ya'yansa ba. Amma da zarar an kai shi gidan yari mai nisa, su ma sun shiga hukuncin.

Bari mu leƙa ƙasar Sifaniya. A 1989 gwamnati ta fara warwatsa fursunonin ƙungiyar ETA, 'yan awaren yankin Basque da ke arewa, zuwa gidajen yari daban-daban, har can kudu a yankin Andalus. Hujjarta ita ce a raba su da shugabanninsu, kuma ba hujjar banza ba ce, domin ƙungiyar ta hallaka mutane sama da 800. To amma wa ya sha wahalar? Tsofaffi da ƙananan yara, masu kwana a mota, tafiyar kusan kilomita 1,000, don ganawar minti 40 ta bayan gilashi. Wasu dangin a hanyar suka rasu, cikin haɗarin mota. ETA ta rushe a 2018, amma sai a 2023 aka gama dawo da fursunonin kusa da gida.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi magana kan wannan. Ƙa'ida ta 59 cikin Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015 ta buƙaci a ajiye fursuna kusa da gidansa gwargwadon iko. Shi kansa Mandela, a farkon zamansa a gidan yarin tsibirin Robben, baƙo ɗaya ake bari ya gani a wata shida.

Dalilin a fili yake. Yawancin ɗaurarru za su fito wata rana. Wanda ake zuwa dubawa, ana kawo masa sabulu da labarin gida, yana da wurin komawa. Wanda kuɗin mota ya raba da danginsa kuwa, sai ya fito ya tarar aure ya mutu, yara ba su gane shi ba, masu karɓarsa sai abokan da suka kai shi ciki.

A Najeriya, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gina gidajen gyaran hali nasu. Jama'a, mu tambayi wakilanmu a majalisun jihohi inda aka kwana a kan wannan batu.