Tsohuwar Kwamfuta da Manhajar Linux a Ƙasar Yauri

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, irin aikin da Windows ke yi, sai dai ita kyauta ce, kuma an yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ne ya sanar da fara rubuta ta ranar 25 ga Agusta, 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi. Ya ɗora ne a kan aikin da Richard Stallman ya faro a Amurka a 1983, na samar da manhajojin da babu kamfanin da zai kulle su. Yau duk mai wayar Android a Wara ko Yelwa ko Shanga yana riƙe da Linux a hannunsa, domin a kanta aka gina Android. Tun daga 2017 kuma, manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki.

Abin da ya sa batun ya shafi masarautar Yauri shi ne irin kwamfutocin da ake da su. Akasarinsu na hannu ne, waɗanda ake sarowa daga Ikeja ko Kano, sai kuma waɗanda aka raba wa makarantu shekaru da suka wuce aka jibge a sito suna shan ƙura. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa, ita kuwa Windows 11 tana neman kayan ciki da tsofaffin na'urori da yawa ba su da su. Sai a ga kwamfuta lafiyarta ƙalau, amma ana cewa ta mutu. Kwale-kwalen da katakonsa ke da ƙwari ba a yasar da shi a bakin ruwa don injin ya yi masa nauyi. Inji ake sauya masa.

Linux iri-iri ce. Akwai Debian, wadda aka fara a 1993, da Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004. Ga sabon shiga, Linux Mint ta fi sauƙin sabo, saboda fuskarta ta yi kama da abin da aka sani. Kwamfutar da ƙarfinta ya yi ƙasa kuwa, Lubuntu ko antiX ne daidai da ita.

Yadda ake sa ta ba wuya. Ana sauke manhajar sau ɗaya daga intanet, a zuba ta a filash, a tayar da kwamfuta daga filash ɗin. A nan ne alherin yake: tana buɗewa a gwada ta ba tare da an taɓa komai na cikin na'urar ba. A duba sauti, a duba wayafai, a haɗa firinta a ga ko za ta buga. Sai an gamsu ake girka ta. Kafin nan dole a kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri, domin girkawa na iya share faifan ajiya gaba ɗaya. Filash guda ya ishi kwamfuta ashirin, ba a sake sayen data. Wanda ya samu hali ya sauya tsohon faifai da irin na zamani da ake kira SSD zai ga saurin ya ƙaru ƙwarai. Linux tana zuwa da LibreOffice ko makamanciyarta don rubutu da lissafi, kuma akwai tsarin madannai na Hausa a cikinta, mai ɓ da ɗ da ƙ.

Tana da iyakarta. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda masu shagunan buga katin biki suka dogara da su, ba sa aiki a kanta kai tsaye. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma sai an sake koyo.

Inda tsohuwar kwamfuta ta fi amfani shi ne a mayar da ita uwar garke, wato na'urar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran. A ɗauki makarantar sakandare a wani gari na bakin tafkin Kainji inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kwamfutar tafi-da-gidanka guda mai fasasshen allo, da ƙaramar na'urar raba wayafai, sun isa. A sa mata manhajar Kiwix, wadda ke ɗauke da Wikipedia ta Turanci da ta Hausa ba tare da intanet ba, ko Kolibri mai darussan lissafi da kimiyya. Malami da ɗalibi kowa ya haɗa wayarsa ya karanta, ko kobo ba a kashe na data ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma yaron da bai taɓa danna madannai ba kafin ranar jarrabawa ya shiga da rauni, komai ƙoƙarinsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe sito. Ƙungiyar masunta ko ta manoman albasa ma za ta iya ajiye lissafin adashi da bashi a irin wannan na'ura.

Wuta ita ce babbar matsala. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana kusa, amma wutarta babban layin ƙasa take shiga, don haka a lissafa da sola. Shi ya sa tafi-da-gidanka ta fi ta tebur dacewa: ba ta cin wuta da yawa, kuma batirinta na riƙe ta idan an ɗauke. A ɗora ta inda iska ke ratsawa saboda zafin bazara, a riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu.

Shafin intanet ɗin da ake so duniya ta gani kuwa, ajiye shi a gida wahala ce, domin layukan waya ba kasafai suke ba mutum adireshin intanet nasa shi kaɗai ba. Gara a kama hayar wuri a uwar garken wani kamfani. Na ƙasashen waje da dala suke karɓa, kuɗin na hawa da sauka da canji. Na gida da naira. Sunan shafi mai ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, ta hannun dillalan da ta amince da su. A yi hattara da masu tallar wuri kyauta, don sukan rufe ba sanarwa. Kwafin bayanai ya zauna a hannun mai su koyaushe.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai na Ngaski da Yauri da Shanga, a buɗe sito a ƙirga abin da ke ciki, a nemi matashin da ya iya ya gwada su da filash kafin a sayar wa 'yan gwangwan.