Ƙarfafa Zuciyar Ɗalibi a Shekararsa ta Farko a Jami'a

Jama'a, a shekarar 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan da ɗalibai 104 kacal. Tun daga 1978 kuwa, Hukumar JAMB ke shirya jarrabawar shiga jami'a, dubban matasa suna neman gurbi kowace shekara. Saboda haka duk wanda ya sami shiga ya riga ya nuna yana da basira.

Amma sau da yawa karayar zuciya ke kayar da ɗalibi. Yaro ya saba zuwa na ɗaya a sakandare, sai ya faɗi gwajin farko a jami'a, ya ɗauka karatun ya fi ƙarfinsa. Daga nan sai ya fara ƙin zuwa lacca, a ƙarshe ya koma gida, wahalar iyayensa da kuɗin al'umma su tafi a banza.

Wajibi ne malamai su riƙa mayar da aikin da suka duba da wuri, suna nuna kuskure da hanyar gyara shi, domin ɗalibin da ya ga makinsa ya ƙaru yakan ƙara himma. Iyaye su tambayi abin da ya gagari ɗansu kafin su yi masa faɗa. Ɗalibai kuma su riƙa bita tare, kada kunya ta hana kowa tambaya. Himma ba ta ga rago.