Daga Allo zuwa Maƙera: Masanin Kimiyya da Tsaron Ƙasa



A Amurka an yi wani masanin fiziks, John Foster. Ya shugabanci cibiyar binciken makaman nukiliya ta Livermore daga 1961, a 1965 aka ɗora shi kan dukkan binciken ma'aikatar tsaro, a 1973 kuma ya koma kamfanin TRW mai ƙera tauraron ɗan'adam. Wato ya zauna a ɗakin bincike, ya zauna a ofishin gwamnati, ya kuma shiga masana'anta. Ba bam nake yabo ba, Allah ya kiyashe mu. Hanyar da mutumin ya bi ita nake so mu duba.

Mu ma muna da namu, Farfesa Iya Abubakar, haifaffen Belel a Adamawa. Ya yi Kwalejin Barewa, ya yi jami'a a Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, inda ya yi nazarin yadda girgiza ke ratsa abu mai tauri, aikin da rabinsa lissafi ne rabinsa fiziks. Ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, a 1979 kuma Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan tsaro. Kaifin ƙwaƙwalwa dai ba a fi mu ba.

To ina aka bar mu a baya? A maƙera. An kafa DICON, masana'antar makamai ta gwamnati, a Kaduna tun 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya kafa injinan, don a riƙa ƙera bindigogi da harsasai. Lokacin yaƙin basasa injinan sun yi aiki sosai. Da aka daina yaƙi sai aka yi watsi da wurin, har ya kai ga yin kujeru don ya riƙe kansa. Wannan yana ci mini rai. Ministan da ya san lissafin igiyar girgiza, in babu masana'antar da za ta karɓi lissafin ta mai da shi ƙarfe, abin da ya rage masa shi ne sa hannu a takardar sayo makamai daga waje. Ga Zariya kusa, mai cibiyar binciken makamashi inda ƙaramin injin nukiliya ke aiki tun 2004, amma tsakanin Samaru ta Zariya da Kakuri, inda DICON take, kamar ba hanya.

A 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Doka ba ta ɗaure ƙusa, sai hannu. Shi ya sa nake kallon ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Ina roƙon hukumar kwalejin ta nema musu gurbin koyon aiki a Kakuri, ina kuma roƙon wakilanmu a majalisa su tambayi ma'aikatar tsaro: injiniyoyi nawa 'yan ƙasa take horarwa a bana, kuma a wace maƙera?